Kotu, tahkimi ko sulhu: ina za a raba gardama in ka ɗauki hayar tambarin kamfani?

Bayan la'asar Yayana ya shigo da takardun a cikin baƙar leda, ya ajiye a gabana, ya ce in duba masa lissafin. Ya riga ya kama shago a Zoo Road, ya yi magana da mai tayil da mai ƙera kanta. Wani kamfanin abinci ne da ke Legas zai ba shi sunansa da tambarinsa da tsarin girkinsa. Shi kuma zai zuba jarinsa, ya biya kuɗin shiga, sannan duk wata ya riƙa miƙa musu wani kaso na ciniki. Wannan shi ne faranchayis, irin tsarin da KFC ta shigo da shi Legas a 2009, wanda kuma Mr Bigg's ya daɗe yana bi. Ni hayar tambari nake ce masa, don haya ce: gida na mai gida ne, kai zama kake yi.

Shafukan da suka shafi kuɗi duk sun sha biro, ya ja layi a nan, ya yi alama a can. Shafukan ƙarshe kuwa fes suke, ko lanƙwasa babu. A nan na tarar da sakin layi guda da ke cewa duk wani saɓani za a warware shi a Landan, a gaban masu hukunci uku, bisa dokar Ingila.

Na ce, "Yaya, ka ga wannan kuwa?"

Ya ce, "Ai wannan rubutun lauyoyi ne, ƙane. Mu da ba faɗa za mu yi ba."

Babu wanda ke shiga kasuwanci da niyyar faɗa. Amma yarjejeniyar shekara goma ko ashirin ce, kuma wuraren da bango ke tsagewa sanannu ne. Kamfani ya ce ka ɓoye ciniki don ka rage masa kaso. Kai ka ce ya buɗe wa wani shago kusa da naka, cikin yankin da ya yi maka alkawari. Ya tilasta maka sayen fulawa da mai daga wurinsa a kan farashin da ya fi na Singa tsada. Ko wata safiya wasiƙa ta iso cewa ka sauke allonsa cikin kwana talatin. Ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ta faru, wannan sakin layin da ba a karanta ba shi ne zai nuna ko kana da bakin magana.

Tambaya uku ce a cikin layi ɗaya

Mutane kan haɗa su wuri ɗaya, alhali kowacce da nata aikin. Wa zai yi hukunci: alƙalin gwamnati, ko mutumin da ku biyu kuka zaɓa? A ina za a yi? Dokar wace ƙasa za a bi? Ana iya zama a Abuja a bi dokar Ingila, ana iya zama a Landan a bi dokar Najeriya. Na ga mutane suna kai ruwa rana a kan ta farko, su bar ta biyu ta wuce salin-alin. A ganina ta biyun ce ta fi cizo ga mai ƙaramin jari.

Amurka, inda wannan sana'a ta girma, ta daɗe da nuna haka. Wani akanta mai suna John Rudzewicz da abokin kasuwancinsa sun karɓi shagon Burger King a jihar Michigan a 1979, a kan yarjejeniyar shekara 20. Ciniki ya ja baya, biya ya gagara. Kamfanin bai je Michigan ba, sai ya kai ƙara a Florida inda hedikwatarsa take, a birnin Miami, nisan sama da kilomita 1,800. Mutumin ya ce shi fa harkarsa da ofishin kamfanin na Michigan yake yi, me ya haɗa shi da kotun Florida? A 1985 Kotun Ƙolin Amurka ta ce tunda ya ƙulla doguwar hulɗa da kamfanin da ke Florida, ya kuma sa hannu a kan cewa dokar Florida ce za ta yi aiki, to kotun can tana da hurumi a kansa. Abin lura, takardarsa ba ta ma ambaci wurin shari'a ba. Dokar da za a bi kawai ta ambata, kuma hakan ya taimaka wajen jan sa zuwa can.

Shari'a ta biyu ta fi kama da ta Yayana. Paul Casarotto ya buɗe shagon Subway a garin Great Falls na jihar Montana. A shafi na tara na takardarsa, cikin rubutu irin na sauran, an ce duk rigima sai a Bridgeport ta jihar Connecticut, can ɗaya gefen ƙasar, kuma a gaban mai tahkimi, wato mai hukuncin da ba alƙalin gwamnati ba. Montana tana da dokar da ta ce irin wannan sharaɗi dole a sanar da shi a shafin farko da manyan baƙaƙe masu layi a ƙasa, don kada a shammaci kowa. A 1996 Kotun Ƙoli ta ce dokar tahkimi ta tarayya, ta 1925, ta rinjayi ta jihar. Sharaɗin shafi na tara ya zauna daram.

Wasu wurare sun ga wannan ɓarna sun toshe ta. Jihar Kalifoniya ta soke sharaɗin da ke fitar da shari'ar ɗan haya zuwa kotun wata jiha. Ostireliya, wadda ke da ƙa'idar hayar tambari ta dole tun 1998, ta hana a rubuta cewa za a yi ƙara ko sulhu a wajen jihar da shagon yake. Mu a Najeriya abin da ke hannunmu shi ne dokar kwangila, da dokar tambari, da wata dama guda da zan zo kanta. Saboda haka yawancin kariyarka kai za ka rubuta ta da hannunka kafin ka sa hannu.

Kotu

Kotun gida tana da daɗin da ba a musu. Kuɗin shigar da ƙara bai taka kara ya karya ba in an kwatanta da tahkimi, alƙali kuwa gwamnati ce ke biyansa. Lauyanka na gari ne, shaidunka ma'aikatan shagonka ne, Adaidaita Sahu zai kai su. Zama a buɗe yake, abin da aka faɗa ya shiga kundi, kuma kamfanin da ke ji da sunansa ba ya son a riƙa karanta wasiƙunsa a bainar jama'a. Wannan kaɗai kan sa ya nemi a daidaita. In alƙali ya yi kuskure kuma, akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara, akwai Kotun Ƙoli.

Sai dai wannan matakalar da ke ceton ka ita ce kuma ke kashe ka. Shari'ar kasuwanci da ta haura shekara goma tsakanin hawa ukun nan ba baƙon abu ba ce a ƙasar nan. Kamfani yana da lauyoyin da ke kan albashi, jira ba ya ci masa tuwo a ƙwarya. Kai kuwa hayar shago na tafiya, injin sanyi na lalacewa, bashin banki na haihuwa. Akwai kuma wani tarko na musamman ga hayar tambari. Tsarin mulki na 1999 ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya shari'ar tambari, ita kuwa rigimar kwangila zalla ta Babbar Kotun Jiha ce. Rigimar hayar tambari takan ɗauko duka biyun a kai ɗaya. Lauya mai wayo yana iya cinye shekaru a kan gardamar wace kotu ce ke da hurumi, ba a ko taɓa ainihin maganar ba.

Kotun wata ƙasa kuwa, ga mai shago ɗaya ko biyu, ban ga alherinta ba. Biza, tikiti, masauki, lauyan da ke caji da fam a kowace awa. Kada kuma ka dogara da cewa alƙalan gida za su yi watsi da sharaɗin don tausayinka. Kotun Ƙolin Najeriya ta taɓa yin haka a shari'ar Sonnar ta 1987, inda ta ƙi tura masu ƙara Jamus saboda wa'adin shigar da ƙara ya riga ya wuce a can. Amma a shari'ar Nika Fishing ta 2008 ta ce a mutunta sharaɗin da ya ambaci Ajantina. Asalin ƙa'idar ita ce abin da ka sa wa hannu ya hau kanka, kai ne za ka kawo ƙwaƙƙwaran dalilin kauce masa.

Tahkimi

Lauyoyi suna ce masa abitireshin, amma ba sabon abu ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu sun san tahkimi: mutum biyu su yarda da wani ya yi musu hukunci, hukuncinsa kuma ya ɗaure su. 'Yan kasuwar Kwari da Kurmi sun saba kai gardama gaban dattijon da kowa ya aminta da shi. Bambancin na zamani shi ne doka ta tsaya masa, kuma ba kyauta ba ne.

A watan Mayu na 2023 Najeriya ta samu sabuwar dokar tahkimi da sulhu, wadda ta maye gurbin ta 1988. Abubuwa da dama a cikinta sun yi wa ɗan haya daɗi. In ba ku faɗi adadin masu hukunci ba, mutum ɗaya ne, a da kuwa uku ne. Ana iya naɗa mai tahkimin gaggawa in abu ya taso da ba zai jira ba, misali an ce ka rufe shago gobe. Haka kuma in akwai sharaɗin tahkimi a takarda, ɗayanku ya ruga kotu, kotun za ta dakatar da ƙarar ta mai da ku inda kuka yi alkawari. Wato ƙofar kotu ka rufe ta da hannunka, ka san da haka.

Ribarsa ta farko lokaci. Watanni ake magana, ko shekara da 'yan kai. Ta biyu, kuna iya zaɓar wanda ya san harkar, ba alƙalin da ya fito daga shari'ar fili ya faɗa ta kaji ba. Ta uku ita ce ta sa kamfanonin waje ke son sa. Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda Najeriya ta shiga a 1970, ta sa ƙasashe fiye da 170 suna zartar da hukuncin tahkimin juna. Hukuncin kotun Kano da wuya ka karɓi kuɗi da shi a Amurka, na mai tahkimi kuwa yana da hanya. Ka riƙe wannan, makamin ciniki ne: hukuncin da aka yanke a Abuja yana cin moriyar yarjejeniyar kamar wanda aka yanke a Landan. In kamfani ya ce dole sai Landan don hukunci ya zartu, hujjar ba ta da ƙarfi. Dukiyarka ma ai a nan take. In su ne suka yi nasara, nan za su zo karɓa.

Illarsa kuɗi. Ku ne za ku biya mai hukunci, ku biya cibiyar da ke kula da zaman, ku biya ɗakin taro. Kotun tahkimi ta ICC, wato cibiyar kasuwanci ta duniya da ke Faris, tana karɓar dala 5,000 tun a bakin ƙofa, kafin a ce uffan, kuma ba a mayarwa. Daga nan sai a ƙiyasta kuɗin zaman gaba ɗaya, a raba muku biyu, a ce ku ajiye tukuna. A ce kamfani ya danne maka naira miliyan 20. In masu hukunci uku ne a Turai, abin da za ka kashe wajen neman haƙƙin zai iya ninka haƙƙin. Mai hankali sai ya haƙura. Wanda ya rubuta sharaɗin kuma ya san da haka tun ranar da ya rubuta shi. Wannan ne ke ɓata mini rai a cikin lamarin: a takarda ba a hana ka haƙƙinka ba, an dai ɗora shi inda hannunka ba zai kai ba.

Sai rashin ɗaukaka ƙara. In mai tahkimi ya fahimci lissafi a karkace, ko ya karanta sharaɗi ba daidai ba, yawanci shi ke nan. Kotu ba ta sake sauraron maganar. Tana soke hukunci ne kawai a kan dalilai ƙalilan, irin su an hana ka kare kanka, ko ya yi hukunci a kan abin da ba a kawo masa ba, kuma wata uku gare ka ka nema. Dokar 2023 ta buɗe wata 'yar taga: kuna iya rubutawa tun farko cewa wani kwamitin tahkimi na biyu zai duba hukuncin, amma shi ma a kan waɗannan dalilan zai tsaya, kuma ƙarin kuɗi ne.

Sirri ma takobi ne mai kaifi biyu. Yana rufa maka asiri in kai ne ka gaza biya. Yana kuma rufa wa kamfani asiri in abin da ya yi maka ya yi wa mutum goma kafin kai, kowa ya sha shi kaɗai a ɗaki, ba wanda ya san na wani.

Akwai kalma ɗaya da nake so a tsaya a kanta, wato mazaunin tahkimi. Mazauni daban, ɗakin da aka zauna daban. Mazauni shi ne ƙasar da kotunanta ke da ikon sa ido a kan tahkimin da soke hukuncinsa. Duk wanda ya bi labarin P&ID, kamfanin waje da ya yi rigima da gwamnatin Najeriya, ya ga nauyin wannan. Kwangilar iskar gas ta 2010 ta ce dokar Najeriya za a bi, amma ta ambaci Landan a matsayin wurin zama. Da rigima ta ɓarke, Najeriya ta ce mazauni nan gida ne, har Babbar Kotun Tarayya a Legas ta soke hukuncin farko a 2016. Masu tahkimin suka ce a'a, Landan ce mazauni, kotun Ingila ta goyi bayansu. Hukuncin dala biliyan 6.6 na 2017 ya yi ta tara ruwa har ya wuce biliyan 11, kuma sai a wata kotun Landan, a watan Oktoba na 2023, aka samu aka rushe shi bayan an tabbatar da cin hanci da maguɗi. Ƙasa guda da dukkan lauyoyinta ta sha wannan wuya a kan kalma ɗaya, ina ga mai shagon kaza? Ka tabbata takardarka ta faɗi mazauni ƙarara, da sunan gari da ƙasa.

Sulhu

Shi ne mafi arha, kuma shi kaɗai ne ke barin ku ku ci gaba da kasuwanci bayan an tashi. Mai sulhu ba ya yanke hukunci, yana dai zaunar da ku har ku samo matsaya. Yawancin rigimar hayar tambari irin wadda sulhu ke iya kashewa ce: a sassauta kaso na wata shida, a yafe tara, a ba ka lokaci ka sayar da shagon ga wani maimakon a ƙwace. Alƙali ba ya ba da irin wannan, mai tahkimi ma haka, su wanda ya yi gaskiya da wanda ya yi laifi suka sani. Legas ta buɗe zauren sulhu a jikin kotu a 2002, Abuja ta bi a 2003, Kano ma tana da nata. Matsayar da aka rubuta aka sa wa hannu ana iya mai da ita hukuncin kotu.

Rauninsa a fili yake: wanda ba ya so ba a tilasta masa yarda. Kamfani na iya amfani da shi ya ja lokaci. Maganin wannan shi ne wa'adi. A rubuta cewa in kwana 30 ko 45 suka wuce ba a daidaita ba, kowa na da ikon wucewa mataki na gaba. Sulhu tsani ne na farko, ba ya tsayawa shi kaɗai.

To wanne za ka zaɓa?

Ya danganta da girmanka da kuma wanda ke ɗaya gefen teburin.

In kamfanin na gida ne, kai kuma shago ɗaya gare ka a Kano ko Kaduna ko Sakkwato, abin da zan nema shi ne sulhu na kwana 30, sannan tahkimi a gaban mutum ɗaya, mazauni Najeriya, zama a garin da shagon yake. In sun ƙi garinka, Abuja tsakiya ce. In sun kafe a kan Legas, to a rubuta cewa ana iya zama ta bidiyo, kuma ƙaramar rigima a yanke ta a kan takardu kawai ba tare da kowa ya yi tafiyar kilomita dubu ba. Na fifita wannan a kan kotu saboda dalili ɗaya: jinkiri ya fi cutar da ƙarami. Amma in aka ce zaɓi biyu ne kawai, kotun jiharka ko tahkimi na mutum uku a nesa, ɗauki kotun jiharka ba tare da waiwaye ba.

In kai tsaye da kamfanin waje kake hulɗa, ga damar da na ambata. Yarjejeniyar amfani da tambarin waje ana yi mata rajista a NOTAP, hukumar da ke kula da shigo da fasahar waje, wadda dokarta ta samo asali tun 1979. Cikin dalilan da dokar ta lissafa na ƙin rajista akwai tilasta wa ɗan Najeriya miƙa wuya ga hurumin wata ƙasa a rigimar da ta shafi fassara ko zartar da kwangilar a nan. Ba tare da rajistar ba kuwa, banki ba zai tura wa kamfanin kasonsa da kuɗin waje ta hanyar hukuma ba. Ka ga ke nan buƙatarsu ce su ma takardar ta wuce. Mai neman a dawo da mazauni gida ba roƙo yake yi ba, yana nuna musu hanyar da kuɗinsu zai fita ne.

Wanda ya karɓi tambari na ƙasa gaba ɗaya, mai shirin buɗe shaguna hamsin da jarin miliyoyin daloli, lissafinsa daban. Shi yana iya ɗaukar nauyin ICC ko cibiyar tahkimi ta Landan, kuma yana iya buƙatar hukuncin da zai bi dukiyar kamfani a ƙasarsu. Ko shi ɗin ya dace ya nemi ƙasar da ba ta kowa ba, kada ya yarda da garin mai tambari. Ya kuma bar ƙofar gajeren tsarin ICC a buɗe, wanda ƙa'idojin 2021 suka tanada don rigimar da ba ta wuce dala miliyan 3 ba, yawanci da mai hukunci ɗaya.

'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, da na Kamaru da Chadi, suna da wata hanya a kusa. Ƙasashensu na cikin ƙungiyar OHADA ta daidaita dokokin kasuwanci, mai mambobi 17, wadda ke da dokar tahkimi guda da aka sabunta a 2017, da ta sulhu ita ma ta 2017, da kotu a Abijan da ke kula da tahkimi. In mai tambari ya rubuta Faris, akwai abin da za a ajiye masa a madadinta.

Ko wanne ka ɗauka, ka duba wasu ƙananan layuka da ke maƙale a gefen babban. Sau da yawa kamfani kan ɗaure ka da tahkimi, shi kuma ya bar wa kansa 'yancin zuwa kowace kotu don karɓar bashi ko sauke allo. Cewa ya kare tambarinsa cikin gaggawa ba laifi ba ne, amma kai ma a ba ka irin wannan ƙofa don hana a rufe ka kafin a saurare ka. Duba wa ke naɗa mai hukunci in kun kasa yarda: cibiya ce mai zaman kanta, ko kamfanin da kansa? Duba ko an gajarta maka wa'adin kai ƙara zuwa shekara ɗaya. Duba ko an hana ka haɗa kai da sauran 'yan haya ku kawo kuka ɗaya. Duba kuma ko an ce kai kaɗai za ka biya lauyoyinsu in ka faɗi, su kuwa ba za su biya naka ba in sun faɗi. Waɗannan duka ka kai wa lauyan da ya san harkar kwangila, kuɗin awa biyunsa bai kai kuɗin kanta ɗaya ba.

Yayana ya ji tsoron kada su ce ya cika fitina su ba wani shagon. Duk da haka ya bari lauya ya rubuta musu wasiƙa mai shafi ɗaya. Bayan mako biyu amsa ta zo. Ashe sakin layin daga takardar da suka ƙulla da wani kamfanin waje aka kwafo shi, ba wanda ya taɓa tambayar su a kai. Sun cire Landan, sun cire mutum uku, sun yarda da dokar Najeriya da sulhun kwana 30. Kano kuwa sun ƙi, suka ce Legas, amma sun amince a zauna ta bidiyo. Sharaɗin biyan lauyoyi ma ba su taɓa shi ba. Ya ɗauki takardar ya juya ta zuwa shafin ƙarshe, ya karanta sakin layin a fili sau biyu, sannan ya ce in miƙo masa biro.